Tsohuwa Ba Za Ta Ga Bazara Ba

Aubrelle, 22 ga Oktoba, 1961

Zuwa ga ƙanwata Edmée,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki Rosaire da yaran duka biyar. Ya sanyin ƙasarku? Na ji a rediyo wai ƙanƙara ta fara sauka a Kanada tun yanzu. Mu nan ruwa ne ba ƙaƙƙautawa. Ni da sauƙi, ban da gwiwar hagu da ke tuna mini shekaruna sittin da uku a kan kowace matakala. Inna, wato Goggonki, tana fama da tari tun lokacin tsinkar inabi. Ta ƙi kwanciya, ta ƙi shan magani, wai ba da taimakon kwalba ta kai tamanin da bakwai ba. Tana gaishe ki.

Ki yi haƙuri da jinkirin amsa. Takardarki ta watan Yuli tana kan teburin kicin, kullum sai in ce gobe, goben kuma in dawo ba na iya riƙe ko cokali.

Kogin Cher ya cika makon jiya, ya shiga ramukan da ke ƙarƙashin Babban Gida, inda aka haƙo dutsen da aka gina shi. Ya janye, ya bar mini laka har gwiwa. Madam, mai gidan, ta zo daga Paris ta yi mako biyu a ɗakuna uku, sauran talatin ɗin suna kulle, ni da jemagu ne kawai muke shiga. Na sake falalen rufi wajen ɗari biyu a ɓangaren da ke kallon kogi, ni kaɗai, don samarin garin duk sun tafi Tours aikin masana'anta.

Da rani kuwa baƙi ne. Ni da na tashi magini, na koma mai yawo da makullai ina nuna wa mutane murɗaɗɗen bene. Tambayarsu ɗaya ce kullum: wane sarki ne ya kwana a nan? In ce musu wani ya taɓa kwana ɗaya a hanyarsa ta farauta, sai su yi ta ɗaukar hoton gadon. Ba wanda ya taɓa tambayata wa ya sassaƙa dutsen da yake jingine a kai.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau na bar shi ƙarshe, don ban san yadda zan faɗa ba. Tsohuwa ba za ta ga bazara ba. Wani masani ya zo daga Paris ranar Talata, ya wuni yana dudduba ta, ya ƙwanƙwasa nan, ya saurara can. Da yamma ya ce mini abin ya ci ciki ya gama, an makara wajen kiransa. Ni na daɗe da sani. Shekara da shekaru ina ganin yadda take ranƙwafawa, ina kawar da kai. Na ga ya kamata ki ji daga bakina, tunda a inuwarta kika girma.

Ki gaishe da Rosaire.

Yayanki,
Léonce


Trois-Rivières, 3 ga Nuwamba, 1961

Yaya Léonce,

Takardarka ta iso jiya da rana. Muna lafiya. Rosaire yana aikinsa a masana'antar takarda, yara suna makaranta, autar ce ta yi kwana biyu da zazzaɓi, ta warke. Allah ya ba gwiwarka sauƙi. Na gama gaisuwa.

Yaya, kai wane irin mutum ne? Ka cika shafi biyu da labarin kogi da rufi da baƙi, sai can ƙasa, kamar wanda ya tuna ya bar tukunya a wuta, ka ce mini Goggo za ta mutu? A bakin ƙofa na karanta, a tsaye. Na zauna a kan dakali da rigar aiki a jikina har yara suka taso daga makaranta suka same ni a wurin.

Me likitan ya kira ciwon? Huhu ne? Tana jin zafi? Ta sani, ko ɓoye mata ka yi? Wa ke yi mata wanka tunda matarka Berthe ta rasu, kai?

Ina zuwa. Jirgin sama ya fi ƙarfinmu, amma akwai na ruwa da zai tashi daga Halifax ranar 12 ga Disamba zuwa Le Havre, Rosaire ya kama mini wuri yau da safe. Shugabar ɗakin wanki na asibiti, inda nake aiki, ta ba ni wata biyu, ta ce in na wuce haka in nemi wani aikin. Uwar Rosaire za ta riƙe yaran. Ba mu cika shiri da ita ba, amma da na gaya mata dalili sai ta ɗauko mini akwatinta.

Shekara goma sha biyar ke nan. Kana wurin ranar da na tafi, kai ka ɗaukar mini kaya. Goggo ta tsaya a ƙofar gidan gadi, hannuwanta cikin aljihu, ta ce, “Tun kina shekara shida nake rainonki. Ban raine ki don sojan da ba mu san inda aka binne kakansa ba. In kin ƙetare gadar nan, kin ƙetare.” Ban waiwayo ba. Ita ma tun daga ranar ba ta taɓa sa hannunta a takarda ba. Kullum kai ne mai cewa tana gaishe ni, ni kuma in yi kamar na yarda.

Na gaji da wannan, Yaya. Na kai arba'in, babbar 'yata ta fara mayar mini da magana, ina jin muryar Goggo tana fita daga bakina. Ba na son ta tafi muna haka.

Ka gaya mata ina hanya, ta jira ni. Ka rubuto mini abin da ta ce yadda ta faɗa, kada ka yi masa kwalliya.

Ƙanwarka,
Edmée


Aubrelle, 19 ga Nuwamba, 1961

Ƙanwata Edmée,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mutanen gidanki. Muna lafiya. Ki sake karanta wannan: muna lafiya, ni da Inna duka. Tarin ya ragu. Jiya ta ci miyar kabewa kwano biyu da cukun awaki, ta yi mini faɗa a kan gishiri.

Ban san da wane ido zan dube ki ba. Ba Inna nake nufi ba. Hasumiyar Babban Gida nake nufi. Mu magina Tsohuwa muke ce mata tun ina koyon aiki a hannun babanki, Kawu Prosper, na manta ku a gida ba ku kiranta haka. Masanin kuma ba likita ba ne. Mushe Varenne ne, jami'in gwamnati mai kula da tsofaffin gine-gine. Na rubuta a gajiye, ban sake dubawa ba, na liƙe ambulan. Laifina ne, ba naki ba.

Tunda na riga na tayar miki da hankali, bari ki ji abin da ya tayar da nawa. Kin san hasumiyar ta girmi sauran gidan da shekara ɗari huɗu. Lokacin da aka gina ta ba don kyau aka yi ba, don tsare mashigin kogi ne, shi ya sa kaurin bangonta ya kai taku goma, tagoginta kuwa da ƙyar hannu ke shiga. Daga baya wani ma'ajin sarki ya sayi wurin, ya dawo daga Italiya kansa cike da manyan tagogi, ya rushe ganuwa, ya gina farin ɓangaren da baƙi ke so, ya jingina shi da ita. Tun daga ranar suke jan juna. Yanzu ta karkata wajen kogi, tana janye bangon benen tare da ita. Tsagar da kika sani a bayan ɗakin addu'a, wadda kike ɓoye alawa a ciki, yau kafaɗata tana shiga.

Mushe Varenne ya ce ɗaya za a zaɓa, ko ita ko benen. Za a sauke hawa biyu na sama, a bar na ƙasa a yi masa rufi. Madam ta sa hannu daga Paris. Ni aka ba aikin, don ba wanda ya san ta kamar ni.

Akwai abin da na so in ɓoye miki, amma ɓoye-ɓoye ya ishe mu. Ɗamarar ƙarfen da babanki ya sa mata a 1926, ina riƙe masa guduma, ita ce ta yi tsatsa a cikin bango, ta kumbura, ta farfasa dutsen. Kin san farin dutsen nan namu, wuƙa ma tana yanka shi. Mushe Varenne ya zaro wani guntu ya murje shi da yatsa, ya ce, “Wanda ya yi wannan aikin mahauci ne, ba magini ba.” Ina tsaye da hula a hannu. Ban ce masa kawuna ne ba. Har yanzu abin yana cina.

Kin ce in faɗa miki abin da Inna ta ce ba kwalliya. Na karanta mata takardarki. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sannan ta ce in rubuta miki kada ki taso.

Ina fatan wannan za ta same ki kafin ranar jirgi.

Yayanki mai jin kunya,
Léonce


Trois-Rivières, 2 ga Disamba, 1961

Léonce,

Muna lafiya. Na ji daɗi da Goggo take cin kwano biyu.

Na mayar da tikitin. Na mayar wa uwar Rosaire akwatinta, ta karɓa tana kallona kamar wadda ta ƙirƙiro mutuwa don ta huta da yara. A wurin aiki matan sun riga sun haɗa mini kyautar tafiya, har da safar ulu da ɗaya ta saƙa wa Goggo. Sai na tsaya a gabansu na ce ashe ba mutum ba ce, gini ne. Ba wadda ta yi dariya a gabana.

Wata guda na yi ina makokin mace mai rai. Na sa Fada ya yi mata addu'a a coci. Na zaunar da yarana na ba su labarinta, abin da ban taɓa yi ba, na gaya musu yadda take dumama mini bulo a murhu ta naɗe shi da tsumma ta sa mini a ƙafa. Duk wannan zan iya yafe maka, don na san kanka: in kana tunanin dutse ba ka ganin mutum.

Amma dariyar fa? Na buɗe cikina a takarda, abin da na haɗiye shekara goma sha biyar, ka karanta mata, ta yi dariya, ta ce kada in taso. To, na ji. Ni na nema, na kuma samu. Ashe maganar bakin gada tana nan ba ta tsufa ba.

Shi kuma babana, wanda ban san fuskarsa ba sai a hoto ɗaya, ka tsaya wani ɗan Paris ya kira shi mahauci, kai da ya koya wa riƙe guduma, kana murza hula. A gidan nan kowa ya iya shiru, ni kaɗai ce wawuya mai magana.

Ku sauke hasumiyarku lafiya. Kada ka ƙara rubuta mini cewa tana gaishe ni. Ni ma zan ɗan huta da rubutu, na gaji.

Edmée


Aubrelle, 7 ga Janairu, 1962

Ƙanwata,

Barka da sabuwar shekara, ke da Rosaire da yara. Muna lafiya, sai sanyi. Gefen kogi ya daskare. Inna ba ta fita, amma tana tashi ta zauna a kujerarta ta bakin taga.

Kin ce kada in rubuta, amma wannan ba tawa ba ce, aike ne. Da na karanta wa Inna takardarki ta ƙarshe, sai ta tambaye ni me na rubuta miki daidai. Na faɗa mata. Ta ce, “Shekara sittin da uku, har yanzu in an aike ka sai ka zubar da rabin saƙo a hanya.”

Gaskiyarta. Ga abin da ya faru ranar. Ta yi dariya, amma ni take yi wa, wai na kashe ta da alƙalami ban ko gayyace ta jana'izar ba. Tana dariyar tana share ido da gefen riga. Abin da ta ce kuwa, ga shi duka: “A tsakiyar hunturu, a kan teku, ta bar yara biyar, don ta zo ta tarar da ni ina feraye dankali? Rubuta mata kada ta taso. Ka ce ta bari sai rana ta fito, ta zo mini da yaran in gan su.”

Ni na yanke rabin na ƙarshe. Na ga kawo yara biyar ƙetaren teku ba ƙaramin nauyi ba ne, ban so a ɗora miki abin da ba za ki iya ba, ki zo kina jin kunya. Na zaci sauƙi nake yi miki.

Ta ce ko ke kaɗai ce ki zo. Ta ce maganar gada ta faɗe ta, ba za ta ce ba ta faɗa ba, amma gada ai hanya biyu gare ta.

Mun kafa katakan hawa a jikin hasumiya, gobe za mu fara cire rufi. An turo mini magina uku daga Blois.

Ki duba ƙasa. Inna ta ɗauki kusan rabin awa tana rubuta sunanta, ba ta yarda na riƙe mata hannu ba.

Léonce

Zélie Barillet, Goggonki


Aubrelle, 11 ga Maris, 1962

Edmée,

Ina gaishe ki, ina yi miki gaisuwar rashi kamar yadda ke ma za ki yi mini. Na san talgiram ɗin da na buga ranar 27 ga Fabrairu ya same ki. Ni lafiyata ƙalau, in ban da barci da ba ya isata ko nawa na yi.

Inna ba ta sha wahala ba. Tarin ya dawo a tsakiyar Fabrairu, ya sauka ƙirji. Likita ya so a kai ta asibitin Tours, ta ce masa a gidan gadin nan aka kawo ta amarya, daga nan za a fitar da ita. Ranar Talata na dawo cin abincin rana na same ta a kujera, na ba ta romo ta sha kaɗan. Ta tambaye ni saura hawa nawa, na ce mun gama na sama. Ta ce yanzu rana tana shigo mata kicin tun ƙarfe biyu, abin da ba ta taɓa gani ba shekara sittin da biyar, ashe hasumiyar ce ke tare mata. Na koma aiki. Ƙarfe huɗu maƙwabciyarmu ta zo gindin katakai ta kira sunana, daga yadda ta kira na gane. Mun binne ta ranar Juma'a kusa da Baba. Madam ta aiko da furanni.

Ba zan ɓoye miki ba, ta jira amsarki. Ba ta taɓa tambaya da baki ba, amma ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin da mai kai wasiƙu ke wucewa da kekensa, sai ta daina abin da take yi. Ta sa na rubuta mata sunayen yaranki da manyan baƙaƙe, ta haddace su bi da bi. Sau ɗaya na ce ko in sake rubuta miki, ta ce, “Ƙyale ta. Jinina ce, ba ma saukowa da wuri.” Ba don in ɗora miki laifi na faɗa ba. In ana rabon laifi, nawa ya fi yawa, ga kuma wanda ba ki sani ba.

Takardarki ta farko, wadda kika ce kina zuwa, ta iso ranar 10 ga Nuwamba. Kwana tara na yi da ita a aljihu ban nuna wa Inna ba. Na gane kuskuren tun layin farko. Amma na ce a raina, in na yi shiru za ki shigo jirgi, ki iso, ki yi fushi kwana biyu, ya wuce, ku ga juna. Kullum in hau hasumiya da niyyar yin shiru, in sauko da niyyar faɗin gaskiya. A rana ta tara na kasa, na karanta mata, ta ce in rubuta. Da na iya ƙarya ta kwana talatin, da kun gana. Ban san ko daidai na yi ba, na daina tambayar kaina.

Aiki ya kusa ƙarewa. Kowane dutse mun sa masa lamba mun jera a farfajiya, ko da wata rana wani zai so ya mayar, ko da yake na san ba mai mayarwa. A hawa na biyu mun tarar da bangon ciki ja wur, ƙonanne, tun gobarar da sojojin Ingila suka sa mata a wani yaƙi ɗaruruwan shekaru da suka wuce. A tsakanin duwatsu kuma ɓawon kawa ne, 'yar uwar dodon-koɗi ta ruwa da ake ci, magina na farko suka cusa don su daidaita layi. Sun ci abincin ranarsu, sun gina da ragowar. Na zauna da ɗaya a hannu na daɗe.

Da muka ciro ɗamarar babanki gaba ɗaya, Mushe Varenne ya ga tsohuwar tsagar da ke bayanta. Ya auna, ya sake aunawa, ya ce ba don ƙarfen nan ba, da hasumiyar ta faɗa kan gidan tun ranar da sojoji suka fasa gada a 1940. Na ce masa wanda ya sa shi sunansa Prosper Gaudin, kawuna ne, shi ya koya mini aiki. Ya cire hularsa. Na makara da wata huɗu, amma na faɗa.

In kin ga dama ki amsa.

Yayanki,
Léonce


Trois-Rivières, 25 ga Maris, 1962

Yaya,

Muna lafiya. Allah ya ji ƙan Goggo, ya ba ka haƙuri, kai da ka yi ta ɗawainiya da ita kai kaɗai.

Ka ce naka laifin ya fi yawa. Saurara ka ji nawa. Takardarka ta Janairu ta iso, na ga rubutunka a bayan ambulan, na jefa ta cikin aljihun tebur ban buɗe ba. Na ce sai na huce. Kullum ina ganinta in na ɗauko almakashi. Ranar da talgiram ya zo, bayan na sallami mai kawowa, na je na buɗe ta. Mako bakwai sunanta yana cikin kicin ɗina, da hannunta, ni ina wucewa ta gefensa da kwanuka.

Ban iya rubuta maka a lokacin ba. Yanzu ma ban san me zan ce ba. Ba na kuka sosai, gajiya ce kawai, kamar na yi wankin asibitin nan duka ni kaɗai.

Rosaire ya ce in tafi. Za a rufe makaranta ƙarshen Yuni, zan taho da manyan biyu, Lucille da Gaétan, sauran su zauna da kakarsu. Na san ba wadda zan tarar. Amma kai kana nan, kuma ba na son in sake samun labarin wani a talgiram.

Ka faɗa mini yadda ake zuwa yanzu. Na manta hanya.

Ƙanwarka,
Edmée


Aubrelle, 9 ga Afrilu, 1962

Ƙanwata Edmée,

Na gode da takardarki. Ina lafiya. Na fara cin abinci a zaune, da a tsaye nake ci tun rasuwar.

Maganar aljihun tebur, mu bar ta a nan. Ni na riƙe takarda kwana tara, ke kin riƙe mako bakwai, ita ta riƙe magana shekara goma sha biyar. Duk gida ɗaya muka fito.

Mun ɗora rufi a kan abin da ya rage ranar Asabar, magina sun koma Blois. Madam ta ce in ci gaba da zama a gidan gadi muddin ina iya riƙe makullai. Ɗaki biyu ne a sama, zan share su in shanya katifu. Ki gaya wa yaran ba mu da ruwan zafi a famfo, kada su zo su yi mini kallon mutumin daji.

Ga hanya. Daga Le Havre ki shiga jirgin ƙasa zuwa Paris, ki sake wani zuwa Tours. Ƙaramin jirgin da kika sani ya daina tsayawa a garinmu, an rufe tashar, kaji ake kiwo a ciki. Motar safa za ki hau a gaban tashar Tours, tana tashi ƙarfe biyu da kwata, ban da Lahadi. Ki ce wa direba ya sauke ku a sabuwar gadar Aubrelle. Ku zauna ta hannun dama, yaran za su ga kogi.

Ki aiko mini da ranar tun da wuri, da manyan lambobi, yadda ba zan karanta ba daidai ba. Zan zo da amalanke saboda akwatuna. In kin sauka kika ga wani tsoho gajere, mai sanƙo, yana ɗingishi, kada ki wuce shi kina neman yayanki. Ni ne.

Léonce